Kuɓewar Inna

A gidanmu na Koki, mahaifiyata, Inna, takan shuka kuɓewa a bayan rijiya. Ta rasu a ƙarshen damina, kuɓewar kuwa ba ta daina 'ya'ya ba. Da 'yan zaman makoki suka watse, yayata ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Tashi ki tsinko, kada ta tsufa."

Na tsinko, na yayyanka, na shanya a kan soro. Ƙaiƙayin ganyen ya kama hannuna, ko sosawa ban yi ba. Da ta bushe na daka, na cika gwangwanin madara. Ranar da aka kaɗa miya da ita, kowa ya fashe da kuka. Ni dai na cinye tuwona, na wanke kwano.