Amyar Kakana ta Ƙarshe

Ni ne na shafa wa amya mazarƙwaila. Gara in faɗa da bakina, don in kun je ƙauyenmu na gefen Kurfi kuka tambaya, za a ƙara muku gishiri, a ce har fura da nono na zuba. Ban zuba ba. Mazarƙwaila ce kawai, rabin curi, na jiƙa ta a ƙoƙo na bi cikin amyar na shafe tas kamar mai yaɓen ɗaki. Hankalina ne ya ba ni cewa tunda zaƙi ƙudan zuma ke nema, to ga shi har gida, ba sai sun sha wahalar zuwa daji ba. Na hau tsamiyar bayan gidanmu na ɗaure ta, na sauko ina tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Washegari baƙi suka cika ta maƙil. Shazumamu ne. Na rantse duk wani shazumami na ƙasar Katsina ya halarta, har da waɗanda suka taso daga Maraɗi ba su tsaya karin kumallo ba. Layinsu ya kama daga gindin tsamiya har reshe, masu hawa na gaida masu sauka.

Kakana yana zaune a kan buzunsa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Idonsa ba ya kai wa saman itace, amma tururuwar da ke bin gindi ya gan ta sarai.

"Kai, ja'iri, mi ka sa ma amyata?"

"Ba komai, Tsoho. Ɗan abin marmari ne."

"Abin marmari! Walimar suna ka yi ma tururuwa? Wa ya haihu?"

"To ai kai ka ce zuma na son zaƙi."

"Ni ma ina son tuwo, amma ban taɓa kwana cikin tukunya ba. Hau ka sauko min da ita, kafin in aro ƙafa in biyo ka."

Ya yi dariya har da tari. Ita ce dariyarsa ta farko tun rasuwar kakata, shi ya sa ban ji haushin zama abin dariyar ba.

Tun ina ƙarami aka ba shi ni, a ɗakinsa na girma. A da, in ka ce mai amya a yankinmu, shi ake nufi. Yana saƙa su da ciyawar gamba, dogaye kamar ganga, ya yaɓe cikinsu da kashin shanu, ya rufe bakin da faifai mai ɗan rami inda ƙudan za su riƙa shiga da fita. Babu ɗorawa ko kaɗanyar da ke tsakanin gonarmu da duwatsu wadda ba ta taɓa ɗaukar amyarsa ba. Sai ya faɗo daga wata kanya, ƙugunsa ya goce, mai ɗori ya yi iyakar yinsa amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Amyoyin daji ya rarraba wa mutane. Ya bar guda ɗaya, ta tsamiyar bayan gida, wadda yake jin kukanta daga inda yake zama. A daminar da kakata ta rasu, su ma ƙudan suka tashi suka bar ta fayau.

Daga nan ne baffana, wanda ke ɗinki da keke a Dutsin-Ma, ya fara zarya. Duk zuwan da zai yi maganar ɗaya ce. Ɗakin ya tsage, ba zai ƙara ɗaukar wata damina ba. Tuwo sai an aiko daga gidan gwaggona. Ga ɗakin shan magani can kusa da shi, ga makaranta da za a sa ni.

"Baba, ka yi haƙuri ka taho. Mi ya rage maka a nan?"

"In na tafi wa zan bar ma zumata?"

"Wace zuma, Baba? Amyar ba kowa ciki sai gizo-gizo."

"Za su zo. Ɗorawa ta kusa fure."

Baffa ba ya iya ɗaga wa mahaifinsa murya, kuma ba ya iya tafiya ya bar maganar. A ƙarshe ya ce to, a yi haka: in zuma ta shiga amyar kafin ruwan farko, zai turo magina su gyara ɗakin, ba zai sake tayar da zancen ba. In ba ta shiga ba, Kaka ya shirya kayansa. Kaka ya ce ya yarda. Ni ne shaida, ni ne kuma ƙafafun da za su yi hawan. Kun ga irin shaidar da aka samu, wanda ya fara aiki da mazarƙwaila.

Da na sauko da amyar muka shanya ta a rana har tururuwar suka watse, na kankare cikinta, muka sake yaɓe. Sannan Kaka ya koya mini turara ta yadda ake yi. Na haƙa ɗan rami a ƙasa, na zuba garwashi. Ya buɗe wata tsohuwar jakar fata da ban taɓa ganin cikinta ba, ya fito da ɓawon itacen hano, da busasshen ganyen ɗoɗɗoya, da wani baƙin dunƙulen kaki na tsohuwar saƙar zuma. Ya marmasa su a kan wutar, muka kifa amyar a bakin ramin, muka lulluɓe ta da tsohon zana don kada hayaƙin ya tsere.

"Ba abinci suke nema ba," in ji shi. "Abinci na daji. Gida suke nema. In suka ji ƙanshin kaki sai su ce, a'a, ashe 'yan uwanmu sun taɓa zama nan, kuma lafiya suka zauna."

Kafin in taɓa ta ya kama hannuwana ya shinshina kamar mai sayen daddawa.

"Albasa ka ci."

"Tun shekaranjiya ne, Tsoho."

"To tun shekaranjiya ba ka wanke hannu ba ke nan. Je ka goge da toka. Kuma kada ka kusanci kananzir, kada ka taɓa sabulu."

Wannan doka ta ƙarshe ban sha wahalar kiyaye ta ba.

Na hau da ita a bayana, yana daga ƙasa yana ba da umarni kamar sarkin yaƙi. In sa ta a cokalin reshe, in ɗaure da igiyar rama gaba da baya, in girgiza in ji ko tana motsi, don zuma ba ta son gidan da ke rawa. Bakin kuma ya dubi yamma, saboda ruwa da iska daga gabas suke zuwa mana. Na ce masa in ya ga dama sai in shimfiɗa musu tabarma in ajiye buta. Ya ce in na sauko zai nuna mini inda ake ajiye buta.

Sai jira. Ɗorawa ta yi fure, jajayen tuntayenta suna reto, kaɗanya ma ta biyo baya. Zafi ya sauko irin wanda ƙadangare ke tsallaka tsakar gida da gudu yana ɗaga ƙafa. Kowace safiya nakan kai masa buzunsa gindin tsamiya, ya jingina da ita ya rufe ido yana saurare. Mutanen da ya ba amyoyinsa suna wucewa su gaishe shi, wannan ya ce tasa ta kama, wancan ya ce tasa biyu sun kama. Yakan ce madalla, Allah shi sa albarka. In sun wuce sai ya koma saurarensa.

Ni kuwa na zama mai kawo labari. In ƙuda ɗaya ya gifta, sai in ce na ga goma. Ran nan na ce masa na ga wani ƙato kamar ɗan tsako ya leƙa ciki ya gyaɗa kai.

"Ya gyaɗa kai?"

"Wallahi kamar mai cinikin gida."

"Allah shi shirye ka. Zanzaro ne ka gani."

Amma yakan tambaye ni kullum, ni kuma nakan ƙara masa kullum. Mu duka mun san abin da muke yi.

Wata rana da hantsi ina gyaran danga sai na ji wani ruri daga wajen gonaki. Na ɗauka lorin da ke zuwa ɗaukar gyaɗa ne ya ɓata hanya. Kafin in juya, sama ta yi duhu a kan gidanmu. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, akuyar gwaggo ta tsinke igiya. Kaka kuwa, mutumin da sai na ɗaga shi yake tashi, na same shi tsaye ya dafa tsamiya.

Ba su shiga amyar ba. Suka taru a wani reshe da ke ƙasa da ita kaɗan, suka dunƙule suna reto kamar gemun wani babban malami. Ko ni da nake ƙara wa abu kitse, wannan ba ya bukatar ƙari. Tsakaninsu da bakin amyar bai fi tsawon sanda ba.

"Zauna," in ji Kaka a hankali. "Kada ka yi gudu, kada ka yi ihu. Yanzu za su tura 'yan aike."

Haka kuwa aka yi. Wasu 'yan kaɗan suka riƙa tashi daga dunƙulen, su shiga ramin faifan, su jima, su fito su zagaya amyar, su koma. Wasu kuma suna tashi su nufi duwatsu. Kaka ya ce gidaje ake gwadawa, namu da wani can.

Azahar ta yi, la'asar ta yi, suna nan. Ya yi sallolinsa a zaune a gindin itacen. Tuwon da aka aiko ya bushe a akushi. Na matsa kusa da shi na rage murya.

"Tsoho, bari in hau. In kwance amyar in tara ta a ƙasansu, in buga reshen sau ɗaya, su zuba ciki kamar gero. In rufe. Wa zai sani?"

"Su za su sani."

"Su ba za su faɗa ma Baffa ba."

"Baƙon da ka jawo da wuya ka tura ɗaki, kwana nawa zai yi maka? Ka bar su. In gidan ya yi musu, da ƙafarsu za su shiga."

Na ce harbin ba ya damuna, fatata ta jaki ce. Ya ce wannan ya daɗe da sani. Sai ya ɗaga kai wajen reshen da ba ya iya gani sosai, ya fara yi musu magana kamar yadda yake yi wa baƙin da suka sauka a zaure. Sannunku da hanya. Ga inuwa, ga rijiya kusa, ba mai tsokanarku sai yaro guda, shi ma na ɗaure shi. Na so in yi dariya, ban iya ba.

Suka kwana a reshen. Da safe suna nan, mu ma muna nan. Da rana ta ɗaga, dunƙulen ya fara motsi kamar tukunya za ta tafasa, rurin ya dawo. Suka watse sama gaba ɗaya, suka yi ta kewaya tsamiyar, har na ga wasu sun sauka a kan faifan, na kama hannun Kaka na matse. Sannan suka miƙe suka yi wajen duwatsu.

Na manta da duk dokar da aka kafa mini. Na bi su da gudu ina watsa musu ƙasa, ina kiransu, ina zaginsu, na tsallake kunyoyin gonar mutane har ƙaya ta tsayar da ni. Ina tsaye da ƙafa ɗaya na ga sun shige wani tsagin dutse can sama, inda ko biri sai ya yi shawara kafin ya hau.

Da na dawo ina ɗingishi, Kaka ya riga ya koma kan buzunsa. Bai tambaye ni inda suka tafi ba. Ya ce in kawo ƙafar, ya zare mini ƙayar da tsinke.

Bayan 'yan kwanaki hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baffa ya zo. Tun daga bakin danga na tare shi da labari: zuma ta zo, ta cika itace, reshe har ya kusa karyewa, 'yan aikensu sun ce za su dawo bayan sun kwaso kaya. Bai kula ni ba. Ya je ya tsaya gindin tsamiya ya daɗe yana kallon amyar, sannan ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa. Ina jin gwaggo ta riga ta gaya masa yadda tsohon ya wuni a wurin ba ci.

"Baba, in kana so, a bar maganar nan. In turo magina. Ka ƙara ko shekara guda ce, mu gani."

Na kusa yin tsalle. Na kalli Kaka ina jira ya ce to.

"A'a," in ji shi. "Sun zo. Sun shiga sun duba ko'ina, sun kwana suna shawara. Ba su ga gidan zama ba. Ni da na yi shekaru ina bin hukuncinsu, yau ba zan ce sun yi ƙarya ba. Nemo jaki."

Baffa ya miƙe tsaye. Ni na yi maganar, na ce ai wasu za su zo, ai da kaka ma ana kamawa in gero ya nuna. Kaka ya dafa kaina ya ce in je in naɗe buzun.

Muka tashi da sassafe kafin ruwan ya sauko, shi a kan jaki, ni da Baffa a ƙasa da kaya a ka. Na tambayi Kaka ko in sauko da amyar mu tafi da ita. Ya ce in bar ta inda take.

A Dutsin-Ma aka ba shi ɗaki kusa da zauren da Baffa ke ɗinki. Babu itace a gidan sai wani ɗan zogale. Ya ga damina, ya ga an yanke gero, ya rasu kafin a gama ɗaure dawa, bai sake taka ƙauyenmu ba. Ɗakinmu ya faɗi a ruwan tsakiyar damina. Amyar kuwa zuma ba ta taɓa shigarta ba, mijin gwaggona ya sauko da ita, yanzu kazarsu ce ke ƙwai a ciki.