Mustamlin Malamin Katagum

Shekarun baya, ranar sadakar ukun mahaifina, na ji wata kalma da ta nuna mini ban gama sanin mutumin da ya haife ni ba.

Baba tela ne a kasuwar Azare. Tun da na yi wayo muryarsa a shaƙe take, sai ka kai kunne kusa da bakinsa kafin ka ji abin da yake cewa. In zai kira mu, tafi yake yi. Ni dai na ɗauka haka Allah ya halicce shi.

Muna zaune a ƙofar gida da hantsi sai ga mota ta tsaya, aka fito da wani tsoho tukuf, ana riƙe da shi hagu da dama. Nan take dattawan unguwa suka miƙe. Aka raɗa mini cewa babban malami ne daga Katagum. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne babban ɗan mustamlina?"

Na zaci sunan wani ne. Har da ladabina na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina jin ɓatan gida kuka yi. Nan gidan tela ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Gidan na zo. Mustamli ba suna ba ne, aiki ne. Kalmar littattafai ce, ba kasafai ake jin ta yanzu ba. Shi ne mai tsayawa kusa da malami in jama'a ta yi yawa. Malam ya faɗa a hankali, shi kuma ya ɗaga murya ya maimaita wa na nesa, ba ƙari ba ragi. Kafin mu samu lasifika, ubanka ke kai karatuna. In ya ja a ƙofar gidana, masu wanki a bakin kogi suna ji."

Baba? Wanda ko sallamarsa ba a ji daga zaure? Na dubi ƙanen Baba da ke zaune tare da mu, kawai sai ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce ciwon maƙogwaro ne ya kwantar da Baba wata damina. Ya warke, amma murya ba ta dawo ba, sai ya tattara ya koma Azare. "Na aika masa ya dawo, ko shiru ne ya zauna kusa da ni. Ya ce ba zai iya kallon wani tsaye a wurinsa ba."

Da aka zo addu'a Malam ya fara, amma tsufa ya cinye muryarsa, na baya ba sa ji. Sai ya kamo hannuna. "Tashi. Abin da na faɗa, ka faɗa."

Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba! Na miƙe. Ya faɗa, na maimaita ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Buɗe ƙirjinka mana, ba sata kake yi ba." Na saki murya. Wallahi ni kaina sai da na tsorata.

Sai kuka ya ɓarke daga cikin gida. Mahaifiyata ce, wadda tun rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Da ƙyar muka kai ga shafa fatiha.

Bayan an watse na shiga wurinta. Ta ce, "Na zaci shi ne ya dawo. Ta bayan danga na fara jin muryar nan a Katagum, tun ban san fuskarsa ba."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ku taɓa gaya mana ba?"

Ta ce, "Shi ya hana. Ba ya son ku tashi kuna tausayinsa."

Har yau abin bai sake ni ba. Mutum ya raine ka, ku ci a kwano ɗaya, ashe ya bar rabin rayuwarsa a wani gari. A taron nan tsofaffi duk sun gane muryar wa suke ji. Ni da take fitowa daga bakina, ban taɓa jin mai ita ya yi magana da ita ba.