Yawun Kwalba

Ko da zan manta hanyar gidana, ba zan manta shekarar da bakin kawuna ya ƙafe ba. Shi ne mai tofi a unguwarmu a Sabon Birni. Kunama ta harbi manomi, ko ciwon kai ya kama mace, sai a zo ya karanta ya tofa. Ni shaida ne, tofinsa ɗaya kan jiƙa mutum har da wanda ya rako shi.

Sai aka ɗora shi kan maganin hawan jini, baki ya bushe kamar gulbi da bazara. Tuwo ya ƙi wucewa, ya rame, ya fara sallamar masu zuwa. Na sa shi a mota muka bi ta Isa, sai Sakkwato.

Likitar haƙora ta leƙa bakinsa, ta miƙo 'yar kwalbar feshi, ta ce madadin yawu ne. Kawu ya janye hannu.

"Ɗiyata, yawun wa anka ɗura ciki? Shina salla?"

Ta danne dariya, ta ce ba na kowa ba ne, haɗa shi ake yi. Ni kuwa na hana ta sakat da tambaya. Ashe yawu ba ruwa ne kawai ba. Akwai abin da ke ba shi santsi irin yauƙin kuɓewa, akwai mai tsare haƙori, akwai mai fara narkar da abinci tun a baki. Ta ce in tauna gayan tuwo in daɗe. Na tauna loma ɗaya tun azahar har la'asar, sai ga zaƙi ba sukari.

Kawu ya fesa, ya share kwano biyu. Amma tofi ya ce atafau, ba zai tofa wa bayin Allah kayan kanti ba. Haka aka zauna har ranar da kunama ta harbi matarsa a yatsa wajen ɗibar kara.

"Malam, tofa mini, ko na kwalba ne."

Ya daɗe yana kallon kwalbar, ya ajiye ta. Ya karanta, ya hura busasshiyar iska a yatsan. Jim kaɗan ta ce zogin ya fara sauka. Ya juyo ya kalle ni.

"Ashe shekara arba'in ina jiƙa mutane a banza."

Washegari ya ci gaba da karɓar jama'a, ba wanda ya sake zuwa da hankicin goge yawu. Ni kuma na koyi daina raina abin da Allah ya ba ni kyauta. Da, ko'ina tofarwa nake. Tun da na ga ana ɗura shi a kwalba, haɗiye abina nake.