Bugun Baba na Ƙasa-ƙasa

Shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka ci garinmu, Baba ya iso gidana a unguwar Damilu ta Yola daga shi sai rigar wuyansa da sandar golf guda. Gida ya salwanta, gona ta salwanta. Amma wannan tsohuwar sandar ƙarfe, wadda wani Bature ya bar masa lokacin da yake ɗaukar wa Turawa jakar golf a Yola yana saurayi, ita ya dogara har ya fito daga daji. Wata uku yana zaune gindin darbejiya, ba ya cewa uffan. Abin ya dame ni ƙwarai. Mutumin da a da sai an roƙe shi yake yin shiru!

Ni kuwa lokacin na fara buga golf da manyan ofishinmu, ina ji da kaina. Wata Asabar na ce bari in kai shi fili, ko zuciyarsa ta sake. Ya tsaya, ya matse kafaɗa, ya buga. Ƙwallon ba ta tashi sama ba, ƙasa-ƙasa ta bi, tana tsalle kamar zomo. Daraktanmu ya tuntsire da dariya.

"Baba, wannan ai ƙwallon gora ne! Ba ka kallon talabijin? Ƙwararru sama suke aikawa."

Maimakon in tare wa ubana, wallahi sai na taya su dariya. Har na raɗa masa, "Baba, ɗan ɗaga ta mana, kana ba ni kunya." Da muka koma gida ya tura sandar ƙarƙashin gado, ya koma gindin bishiyarsa. Ni na ƙarasa abin da gudun hijira ya fara, kuma na sani.

Da damina ta yi tsakiya aka yi wata babbar gasar golf a ƙasar Turawa, a wani fili na bakin teku. Da ƙyar na lallashe shi ya raka ni kulob ɗinmu na golf kallon ranar ƙarshe a talabijin. Filin ya ba mu mamaki. Babu bishiya ko ɗaya, ciyawa ta bushe ta yi ja, sai tudu da kwari da ramukan yashi masu shanye mutum har wuya. Darakta ya ce, "Kai, wannan ai gara namu na Yola!" Ga iska tana kaɗa wandunan 'yan wasa kamar shanya.

Ƙwararrun nasa suka fara aikawa sama. Iska ta karɓe, ta kai musu cikin ciyawa. Wani ya buga sau uku bai fito daga yashi ba. Mu 'yan kallo sai salati muke yi, don ba mu saba ganin manya suna shan wuya haka ba.

Can sai ga wani ɗan wasa mai furfura. Ya matse kafaɗa, ya buga ƙasa-ƙasa. Ƙwallo ta bi ta ƙarƙashin iska, ta hau tudu, ta gangara, ta tsaya dab da ramin da ake so ta faɗa.

"Yawwa!" Muryar Baba ce, har ya miƙe tsaye. "Haka ake yi! Iska ba ta kokawa da na ƙasa. Kai, kada ka ɗaga, turo ta kawai!"

Yana faɗa, mutumin yana yi, kamar yana jinsa. Kan ka ce kwabo kujeru duk sun juyo wajen Baba, ana tambayarsa me za a buga. Mai furfurar nan shi ya ɗauki kofi. Ni kuwa hawaye nake sharewa, farin ciki da kunya sun haɗe mini.

Darakta ya cire hula, ya rusuna. "Baba, a yafe mana. Asabar za ka nuna mana bugun nan?"

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya gyara wuyan riga.

"Zan zo. Amma wannan," ya nuna ni da haɓa, "shi zai ɗaukar mini jaka."

Ranar Asabar na saɓa jakar a kafaɗa, sanda ɗaya tal a ciki. Na bi bayan ubana rami-rami, ina gaya wa duk wanda muka haɗu da shi ko ɗan wane ne ni.