Irin Dawar Babana

Shekarar da mutanen jami'a suka fara zuwa ƙauyenmu, kusa da Yako, na fi kowa rawar kai. Na ɗan yi boko, don haka duk abin da ya sauko daga mota ina ganin ya fi na cikin rumbu.

Sun kawo sabon irin dawa, gajere, mai nuna da wuri. Shugabarsu wata malama ce mai yawan tambaya. Kafin ta ba mu nasu, sai da ta bi gida-gida tana roƙon namu. Na ba ta zangarniya ɗaya daga dawar marigayi babana, doguwar nan mai kaurin kara. Al'adar gidanmu, duk kaka a zaɓi zangarniyar da ta fi cika a rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Malamar ta sa a ambulan ta yi rubutu. Har dariya na yi mata.

Sabon irin ya yi albarka, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na ga haka shekara biyu, sai na sauke irin da ke rataye na kai inji. Inna, mahaifiyata, ta ture kwanon tuwon.

"Iri kuke ci," in ji ta. "Ni ban da ni."

Daga baya na gane. Bafulatanin da yake sauka a gonarmu da rani, shanunsa su ci kara su bar mana taki, ya ce, "Malam, wannan karan ba zai riƙe su mako guda ba." Ya yi gaba. Maƙwabta kuwa duk sun watsar da tsohon irin, kuma ni na zuga su.

Da ciwo ya kwantar da Inna, kunun waccan dawar kawai take ambato. Na zaga kasuwanni daga Bebeji har Burumburum. Duk wadda na kawo, kurɓa ɗaya take yi ta girgiza kai.

Da kunya na je jami'ar. Malamar ta yi furfura, amma ta gane ni. Ta shiga wani ɗaki mai sanyi ta fito da ƙullin irin dawar babana da bai cika tafin hannu ba. Ashe suna shuka shi jefi-jefi don kada ya mutu.

"Ajiyarka ce," ta ce.

Na kawo wa Inna da murna, na ce a dama mata ko kofi ɗaya ne. Ta shinshina, ta daɗe tana murza ƙwayoyin, sannan ta damƙa mini.

"Za ka sake cin iri? Jira damina."

Na jira, na shuka, ta fito doguwa kamar da. Inna ba ta kai kaka ba. Zangarniyar farko da na yanka, ban bari kowa ya taɓa ba. Ɗakin girkinta na kai na rataye.