Fitila ko Bam, Tambayar Baba Tankari

Mijina Ilya Tankari ba ya wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba. Shekara goma sha ɗaya muna zaune a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon a Faransa, ban taɓa ganin ya kama bas ɗin da ya fito dominsa ba. Ba makara yake yi ba. Da wuri yake fita, sai ya haɗu da mai gadin gidanmu, ya tambaye shi kwana, da gajiya, da sanyi, da ƙafar matarsa da aka yi wa aiki tun bara waccan. Turawan unguwa sun gane shi, in sun hango shi sai su tsallaka titi. Ko a jikinsa. Na taɓa jin shi yana gaida na'urar amsa waya ta likitan haƙori, har da dakatawa ta amsa.

Ni Hamdiya sunana, 'yar Damagaram, ina aikin jinya a gidan tsofaffi. Ina da saurin ƙafa da saurin baki. Yadda aka yi na auri mutumin nan, Allah kaɗai ya sani.

A Arlit aka haife shi. Mahaifinsa, Baba Tankari, mutumin Tawa ne, ya yi shekara ashirin da shida yana shiga ramin uraniyom na kamfanin Faransa. Ilya ne ɗan fari, shi ya sa Baba ba ya faɗin sunansa, sai dai ya ce "mai boko". Daga lakkwal, wato makarantar boko, ya wuce jami'ar Yamai, daga can ya zo Lyon ƙarin karatu, ya ƙare da aiki a wani ɗakin bincike a Villeurbanne. Aikinsa shi ne bin masu bincike duk ƙarshen wata yana karɓar 'yar na'urar da suke maƙalawa a riga, wadda ke auna yawan tururin nukiliya da ya taɓa jikinsu. Mutum ɗari da arba'in ne. Wanda ya riƙe aikin kafin shi yini ɗaya yake gamawa. Ilya kwana huɗu yake yi, don kowa sai ya ji lafiyar iyalinsa. Amma ba a taɓa kama kuskure a takardarsa ba, shi ya sa suka haƙura da shi.

Baba ya daɗe da komawa Tawa. Ido ya tafi, ƙirji ba daɗi, rediyo ne abokin hirarsa. Wata Juma'a, shekara uku da suka wuce, bayan sun kwashe minti goma suna gaisawa a waya, sai ya ce, "Kai mai boko, na ji ana zancen makamin ƙare-dangi. Ƙasar nan da muka haƙo, fitila aka yi da ita ko bam?"

Da ni aka tambaya, da na ce fitila, an wuce wurin. Ilya kuwa ya ce, "Baba, zan bincika."

Baba ba rigima yake nema da kowa ba. Ya ce shi mutum ne da ya kusa tafiya, kuma za a tambaye shi aikin hannunsa. In fitila ce, yana sa ran lada, don ko ba komai wani ya yi karatu a haskenta. In bam ne, yana so ya san abin da yake neman gafara a kai tun yana da numfashi. Ya ce a yi masa hanzari.

Ilya ya zauna ya yi tunani irin nasa. Makami na gwamnati ne, gwamnati kuwa majalisar dokoki ce ke sa mata ido, ke nan 'yan majalisa sun sani. Ya shiga buga rahotannin zaman kwamitocinsu yana kawowa gida, har suka kori tukwanena daga kabad. Yana karantawa da jan bik na rubutu a hannu. Bayan wata shida ya kira ni ya nuna mini abin da ya gano: duk inda zance ya fara daɗi, sai rahoton ya ce an ci gaba da zama a asirce. Ya ƙirga wuraren, ya samu talatin da ɗaya. Na ce sannu da aiki, a mayar mini da kabad ɗina.

Daga nan ya rubuta wa 'yar majalisar yankinmu, Madam Carine, wasiƙa. Shafi biyu ce, ɗaya da rabi gaisuwa. Matar nan, Allah ya saka mata, ta karanta har ƙarshe, ta kuma aika wa gwamnati tambayar a rubuce. Amsa ta zo bayan wata bakwai, layi huɗu. Biyu sun ce ƙasa tana samun uraniyom daga wurare daban-daban, biyu sun ce sauran sirrin tsaro ne. Ilya ya fassara wa Baba kalma da kalma.

Baba ya ce, "Wa ya rubuta?"

"Babu suna, Baba. Hatimi ne kawai."

"To ka je ka tambaye su da baki. In ka tsaya gaban mutum zai ji nauyinka."

Na yi dariya a kicin. Tsoho yana tsammani majalisar Faransa zauren mai unguwa ce, a tuɓe takalmi a shiga. Ashe ni za a yi wa dariya. Bana aka kafa wani ƙaramin kwamiti don ya duba yadda ita majalisar ke sa ido a kan harkar makaman nukiliya, wa ake nuna wa me, wa ake ɓoye wa. Suka ware yamma guda don sauraren ƙungiyoyi. Madam Carine ta sa sunan Ilya a matsayin sakataren ƙungiyar 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan rami. Ƙungiyar mutum tara ce, kuma a falonmu take taro. Takardar gayyata ta ce yana da minti biyar.

A lokacin Fatsima, ƙanwar Ilya da ke jinyar Baba, ta faɗa mana ya rage cin abinci, kunu ma sai da lallashi. Kullum kuma sai ya tambaya ko mai boko ya je.

Mako biyu muna gwaji a kicin, ni riƙe da waya ina auna lokaci. Na datse gaisuwar ta koma kalma biyu. Na kira shi da sunan 'yarmu, na ce, "Baban Lina, ka ji ni da kyau. Bonjour, merci, sai tambaya. Ba kwana, ba gajiya, ba iyali. Mutanen nan montur suke kallo, idonsu na kan agogo."

Ya ce, "D'accord, na yarda."

"Ka rantse."

"Ba sai na rantse ba."

Nan ya kamata in gane.

Ranar Laraba muka hau jirgin ƙasa daga tashar Part-Dieu ta Lyon da safe. Sunana ba ya cikin takarda, don haka a Paris na zauna a wani gidan shan kofi kusa da majalisar, na buɗe waya, don ana nuna zaman kai tsaye. Ɗakin yana da kujeru kamar arba'in, 'yan majalisa bakwai ne a ciki. Wani tsohon soja ya yi magana, wani farfesa ya yi ta minti ashirin, kowa kansa a ƙasa yana duba takarda. Sai shugaban kwamiti ya ce, "Monsieur Tankari, vous avez cinq minutes." Wato minti biyar ɗinsa sun soma, agogo ya fara tafiya a gefen allo.

Ilya ya ɗaga kai ya dubi shugaban. Dattijo ne fari fat da furfura, sa'an Baba ko ya girme shi. Na ga yadda mijina ya ɗan rusuna.

Ya gaishe shi. Ya tambaye shi yadda ya kwana, da gajiyar aiki, da mutanen gida. Dattijon ya yi kuskuren amsawa, ya ce lafiya lau, ya gode. Shi ke nan. Ilya ya bi allunan sunayen da ke gabansu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, kowa da tasa gaisuwar. Wata tana tari, ya yi mata sannu, ya tambaye ta ko ta ga likita. Madam Carine ta rufe fuska da tafin hannu. Agogo ya ci minti biyu, ya ci uku. Ni kuwa ina tsaye a gidan kofi ina yi wa waya ihu da Hausa, "Baban Lina, tambayar! Tambayar, don girman Allah!" Mai kawo kofi ya ajiye mini ruwan sanyi ya ja da baya. Wallahi da mijina yana kusa da na shaƙe shi.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya ajiye takardar da muka sha wahalar rubutawa, bai ko dube ta ba. Ya ce mahaifinsa sunansa Tankari, ya yi shekara ashirin da shida a rami, yanzu yana kwance a Tawa. Ya ce ba ya tuhumar kowa. So yake kawai ya sani kafin ya mutu, abin da ya haƙo, fitila aka yi da shi ko bam. Ya ce an gaya masa su ne masu sa ido, shi ya sa ya zo wurinsu.

Abu ɗaya zan faɗa, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Duk bakwai ɗin shi suke kallo. Mutumin da ya kira sunanka ya tambayi tarinka, da wuya ka sunkuyar masa da kai.

Shugaban ya gyara tabarau, ya ce amsar irin wannan tambaya, in ma akwai ta, ba a bayar da ita a zaman da ake nunawa duniya. Ilya ya ce ya fahimta. Sai ya ce, "To in an rufe ƙofa, ku ana ba ku?"

Dattijon ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa. Ba wanda ya taimake shi. Ya ce, "Monsieur, ni ban sani ba. Kuma ban san wanda ya sani a ɗakin nan ba." Agogo ya yi ja. Ilya ya yi godiya, ya ce a gaida gida.

A jirgin komawa na tsare shi. Na ce ya ce wa Baba fitila ce. Na ce ai shi da bakinsa ya taɓa gaya mini yawancin uraniyom wutar lantarki ake yi da shi.

Ya ce, "Yawanci ba duka ba ne."

"Mutumin nan mutuwa zai yi, Baban Lina. Kalma ɗaya ce. Wa zai ƙaryata ka?"

"Aike na ya yi. Abin da aka ba ni shi zan kai."

Ina son tsohon nan. Ranar da aka kai ni gidansu shi ya ce kada wanda ya sa ni daka, hannuna na allura ne. So nake ya tafi da kwanciyar rai, ko da ta ƙarya ce, zunubin ya hau kaina. Na faɗa wa Ilya haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Na yi kuka tun daga wajen Mâcon har Lyon. Ya miƙo mini hankici, bai canza magana ba.

Muna shiga gida, da dare, ya kira Fatsima ta kara wa Baba waya. Ya soma da sallama, Baba ya katse shi, abin da ban taɓa ji ba.

"Bar wannan. Me suka ce?"

Ilya ya faɗa masa yadda aka yi, bai rage ba, bai ƙara ba. Ina zaune a hannun kujera ina harararsa.

Baba ya ce, "Su ne masu lura da abin?"

"Su ne, Baba."

"Kuma ba su sani ba?"

"Babbansu ya ce bai sani ba."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, a gaban jama'a."

Muna jin numfashinsa, mai ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Can ya ce, "To, ya yi gaskiya. Kai ma ka yi. Ni dai na san na haƙa." Sai muka ji yana ce wa Fatsima ta kawo ruwa zai yi alwala.

Kwana goma sha biyu ya ƙara a duniya. Fatsima ta ce bai sake tambayar kowa ba. Bayan kowace salla dai sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah, in fitila ce ka karɓa, in ɗayan ne ka yafe. Kai ka san inda ta tafi." Ta ce da ita ya cika a bakinsa, ranar Litinin da hantsi.