Faifan Sallar Inna

Inna ba ta rabon atamfa ko turare da sallah. Faifai take saƙawa, na ado, wanda ake ratayewa a bango: kaba rinanna ja da kore da shuɗi, da tauraro a tsakiya. Kowace ƙaramar sallah sai ta aika wa gida tara, namu 'ya'yanta da na 'yan uwanta, tun daga Dudunni har Kankia inda nake aure ina koyarwa.

A shekarar da nake magana, saura kwana shida sallah na hau babur zuwa Bauranya in taya ta. Na same ta zaune a tsakar gida, cikin rana tsaka, da azumi a bakinta, ga inuwar darbejiya ba kowa. Ta kai faifan kusa da hancinta tana soka basilla. Yatsunta biyu a naɗe da tsumma.

Na ɗauki biyar ɗin da ta gama. Na dudduba su. Tauraron ya karkace, shuɗi ya shiga inda kore ya kamata, bakin kaba duk ya fito tsirara. Inna fa, matar da ake zuwa daga ƙauyuka koyon saƙa wurinta.

"Sun yi kyau ko?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Sun yi, Inna."

Washegari bayan azahar ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Tana fita na jawo guda biyu na hau warwara. Kunnena na ƙofar zaure. Na gyara ɗaya, ina tsakiyar na biyu na ji sallamarta. Na tura su cikin sauran, na ɗauki tsintsiya.

Ta zauna, ta jawo tarin. Ba ta duba ba, babban yatsa kawai ta bi da shi a kan saƙar. A na uku ta tsaya.

"Wa ya taɓa mini aiki?"

Na ci gaba da shara.

"Wagga saƙa sako-sako ce. Ba hannuna ba ne. Da ke nake."

"Ni ce, Inna. Launin ne ya ɗan..."

"Ya ɗan mi?"

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, tun yaushe ba ki gani sosai?"

Ta ajiye faifan a cinyarta. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, duk da ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ta juya fuska wajen rumbu.

"Tun girbin gero," ta ce. "Kamar hayaƙi ne a gabana. In kika faɗa wa yayanki, ban yafe ba."

Na san abin da take tsoro. Mahaifiyarta ta makance a ƙarshen rayuwarta, aka ɗauke ta daga gidanta aka ajiye a ɗakin wani, ta yi shekaru sai an riƙe mata sanda za ta kewaya. Inna ta san muna jin labari za mu kwashe ta zuwa Kankia, a sayar da awakinta, a rufe ɗakin.

Ban yi mata alkawari ba, ban kuma ƙi ba. Na tashi na ware kabar: ja a ƙwarya, kore a kwanon silba, shuɗi a kwando, don hannunta ya gane ko ido bai gani ba. Ni ke ƙirga layi, in wurin canji ya zo in ce, "Ja, Inna." Sai ta miƙa hannu ba ta ce uffan ba. Kwana huɗu muka yi haka. Ko a buɗa baki, kunu kawai take turo mini. Muka gama huɗun da suka rage ana gobe sallah.

Na so mu riƙe karkatattun ukun da ban taɓa ba. Ta ce a'a, haka za su tafi. Ta zaɓi mafi muni ta ce in kai wa Goggo, yayarta da ke Dudunni, wadda ba a kai mata abu ta rasa aibin da za ta faɗa.

Ranar sallah bayan an sauko idi na kai. Ɗakin cike da mata. Goggo ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ina tsaye ina jira. Sai ta cusa shi ƙarƙashin filo kafin kowa ya gani, ta ja ni bayan ɗaki.

"Idon ne?"

"An hana ni faɗa, Goggo."

"Ai ba ki faɗa ba."

Kwana uku da sallah Goggo ta iso Bauranya a motar ɗanta. Ina waje ina jin su, Inna na cewa ba inda za ta, Goggo na cewa ita ce babba. Suka yi ta yi har la'asar. Daga ƙarshe Inna ta fito da mayafinta, ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta ce wa maƙwabciya ta kula da awaki.

A asibiti a Katsina likita ya ce yanar ido ce, ana cirewa. Aka yi wa idon dama aiki, na hagu sai bayan wata biyu. Sati ɗaya kawai ta yarda ta yi a gidana.

Safiyar da aka cire auduga ina zaune a gefen gadon, ban san ko har yanzu fushi take da ni ba. Ta ƙifta ido, ta ƙura mini shi, ta daɗe.

"Ke kuma yaushe kika yi furfura haka?" in ji ta. "Miƙo mini takalmina."